Shugabanci da Riƙon Amana a Aikin Manajan Haja

GABATARWA

Makasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wani irin shugabanci wanda ba kasafai ake kula da shi ba, watau shugabancin mutumin da kamfani ya danƙa wa haja guda ɗaya, aka ce ya ji da ita tun daga ranar da aka yi tunanin ƙera ta har ranar da ta shiga hannun mai saye. Haja a nan tana nufin duk abin da kamfani ya yi domin sayarwa, ko sabulu ne, ko magani, ko mota, ko jirgin sama, ko manhajar kwamfuta. Shi kuwa wanda aka danƙa wa ita, shi za a riƙa kira manajan haja a cikin wannan bayani.

Abin da ya sa aikinsa ya cancanci nazari shi ne, an aza masa nauyi mai girma, amma ba a ba shi ikon da ya kai nauyin ba. Injiniyan da zai zana hajar yana ƙarƙashin shugaban injiniyoyi, ma'aikacin da zai ƙera ta yana ƙarƙashin manajan masana'anta, mai tallarta da akawun da ke lissafin kuɗinta kuwa kowa da nasa maigidan. Ba manajan haja ke biyansu albashi ba, ba shi da ikon ƙara wa ɗayansu girma, balle ya sallame shi. Duk da haka idan hajar ta yi kwantai, shi za a tuhuma. Halinsa ya yi kama da na madugu a zamanin fatauci: kayan da ke cikin ayari ba nasa ba ne, jakunan ma ba nasa ba ne, amma fatake suna binsa domin sun yarda ya san hanya, ya san zango, kuma ba zai kai su ga halaka saboda amfanin kansa ba. To, yaya ake samun irin wannan yarda, kuma da wace alama ake gane tana nan? Za a nemi amsa daga tarihin kamfanoni huɗu, uku na Amurka, ɗaya na Japan.

ASALIN AIKIN

Masana tarihin ciniki sukan danganta asalin wannan aiki da wata takarda mai shafi 3 wadda wani matashin ma'aikaci, Neil McElroy, ya rubuta ranar 13 ga watan Mayu, 1931, a kamfanin Procter & Gamble da ke birnin Sinsinati a Amurka. A lokacin yana aikin tallar wani sabulu mai suna Camay. Damuwarsa ita ce kamfanin yana da wani tsohon sabulun, Ivory, wanda ake sayarwa tun 1879, hankalin manya duk yana kansa, Camay kuwa ya zama ɗan bora a gidan ubansa.

Sai McElroy ya ba da shawarar a ware wa kowace haja mutuminta. Aikin wannan mutum shi ne ya riƙa duba adadin kayan da ake aikawa kowane yanki. Inda ya ga ciniki ya ja baya, ya tafi can da ƙafarsa, ya tattauna da 'yan kasuwa da masu saye har ya gano dalili, sa'an nan ya tsara hanyar gyara. Amma fa akwai wani sharaɗi a cikin takardar wanda ya kamata a lura da shi: kafin ya aiwatar da abin da ya tsara, sai ya kai wa manajan yankin, ya nemi izninsa da goyon bayansa. Ashe ke nan tun ranar da aka haifi wannan aiki, an gina shi ne a kan shawo kan mutanen da ba a da iko a kansu. Kamfanin ya karɓi shawarar, sauran kamfanoni suka kwaikwaya. McElroy ya zama shugaban kamfanin a 1948, daga baya kuma ya riƙe muƙamin Sakataren Tsaro na Amurka daga 1957 zuwa 1959.

NAUYI BA TARE DA IKO BA

Inda wannan tsari ya fi fitowa fili shi ne kamfanin motoci na Toyota a Japan. A farkon shekarun 1950 kamfanin ya ƙirƙiro wani muƙami da ake kira shusa, watau babban injiniyan da aka danƙa wa mota guda ɗaya baki ɗayanta. Na farko shi ne Kenya Nakamura, wanda ya jagoranci ƙera motar Crown da ta fito a 1955. Mataimakan da ke ƙarƙashin shusa kai tsaye 'yan kaɗan ne. Ɗimbin injiniyoyin da ke aikin injin mota da jikinta da birkinta, kowanne yana ƙarƙashin shugaban sashensa ne. Saboda haka idan shusa yana son a sāke wani abu, ba ya ba da umurni kawai a bi; sai ya kawo hujja, kuma sai mutanen sun san cewa mai maganar ya san aikin. Shi ya sa ba a naɗa kowa a wannan muƙami sai wanda ya daɗe yana aikin injiniya da hannunsa, har abokan aikinsa suka shaida ƙwarewarsa.

Tarihin Tatsuo Hasegawa ya isa misali. Injiniyan jiragen sama ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga Toyota a 1946, ya yi wa Nakamura mataimaki a aikin Crown. Daga baya aka danƙa masa wata ƙaramar mota mai suna Publica, wadda ta fito a 1961. An ƙera ta ne domin talakawa, aka rage mata duk wani ado don ta yi araha. Sai dai kasuwa ba ta karɓe ta yadda aka zata ba, gama iyalin da suka daɗe suna tara kuɗi don sayen motarsu ta farko ba su son wadda za a gani a ce ta marasa hali ce. Hasegawa bai ɗora laifin a kan masu talla ba, bai kuma ce masu saye ne ba su san abin kirki ba. Ya ɗauki abin a kan kuskuren tunani ne, ya fitar da ƙa'ida daga ciki: mota ta kowa da kowa dole ta ci aƙalla maki 80 cikin 100 a kowane fanni, kada ta faɗi ko da a fanni ɗaya, sa'an nan a ƙara mata wani abu na musamman da zai ja hankalin mai saye.

A kan wannan ƙa'ida aka ƙera Corolla. Ana dab da gama aikinta sai labari ya zo cewa kamfanin Nissan yana shirin fito da tasa ƙaramar motar, Sunny. Aka yanke shawarar a ƙara girman injin Corolla ya fi na Sunny da kusan kashi ɗaya bisa goma, alhali lokacin da ya rage 'yan watanni ne kawai. Injiniyoyin suka sāke aikin da suka riga suka kusa gamawa, motar ta fito a watan Nuwamba, 1966. Ya zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50 a duniya. Abin lura a nan shi ne, mutane ba su yarda su warware aikin da suka sha wahalarsa a ƙurarren lokaci, sai idan sun tabbata wanda ke gabansu ba mai sauya magana ba ne don son zuciya. Wanda ya taɓa amsa kuskurensa a gabansu kuwa, maganarsa ta fi shiga kunne.

IGIYAR TSAI DA AIKI

Amana ba daga ƙasa zuwa sama kaɗai take tafiya ba. Shi ma shugaba wajibi ne ya amince da na ƙasa da shi. A masana'antun Toyota an daɗe da al'adar rataya igiya a saman layin haɗa motoci. Duk ma'aikacin da ya ga aibi, ko da kusa ɗaya ce ba ta ɗauru daidai ba, yana da izni ya ja igiyar. Fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya zo da sauri, idan ba a gyara abin nan take ba layin ya tsaya. Tushen wannan tunani yana cikin injin saƙa na Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin motocin, wanda aka ƙera shi ya tsaya da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi.

Tsai da layin mota ko na minti ɗaya hasara ce babba, saboda haka ba wa ƙaramin ma'aikaci wannan izni ba ƙaramar yarda ba ce. Wani zai ce ai wannan ɗabi'ar mutanen Japan ce, ba za ta yiwu a wani wuri ba. Amsar tana garin Fremont a jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors yana da masana'anta a can wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki da motoci marasa inganci, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sāke buɗe ta bisa haɗin gwiwa da Toyota, da sunan NUMMI. Yawancin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da gyara. Aka koya musu tsarin Toyota, aka ba su igiyar. Cikin 'yan shekaru kaɗan motocin wannan masana'anta suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors, fashin aiki ya ragu ƙwarai. Mutanen ba su sāke ba. Abin da ya sāke shi ne yadda shugabanni ke karɓar wanda ya zo da mummunan labari. A nan alamar da ake nema take: in ana son a san ko akwai amana a ma'aikata, a duba saurin da mummunan labari ke yi kafin ya isa ga shugaba, da abin da ke samun wanda ya kawo shi.

RANAR GWAJI

Akwai kuma amanar da ke tsakanin kamfani da mai saye, wadda ita ce ta fi duka nauyi, domin mai shan magani ba shi da hanyar bincika abin da ke ciki, dogara kawai yake yi da sunan da ke jikin kwalba. Daga ranar 29 ga watan Satumba, 1982, cikin 'yan kwanaki, mutum 7 suka mutu a birnin Shikago da kewayensa bayan sun sha kafson Tylenol, maganin ciwon kai da zazzaɓi na kamfanin Johnson & Johnson. Bincike ya nuna an zuba gubar sayanaid a cikin kafson, kuma alamu sun nuna an yi haka ne bayan maganin ya bar masana'anta. Har yau ba a hukunta kowa da laifin wannan kisa ba.

A lokacin Tylenol yana riƙe da fiye da kashi ɗaya bisa uku na kasuwar irin waɗannan magunguna a Amurka. Kamfanin yana da hanyar kare kansa: laifin ba nasa ba ne, kuma a yanki ɗaya kaɗai aka yi mace-macen. Amma shugabansa, James Burke, ya bi wata hanya dabam. Aka gargaɗi jama'a kada su sha kafson, aka dakatar da talla, ranar 5 ga Oktoba kuma aka janye kafson daga duk faɗin ƙasar, kimanin kwalba miliyan 31, waɗanda kuɗinsu ya haura dala miliyan 100. Akwai wani ƙaramin abu da ya faru a waɗannan kwanaki wanda ya nuna halin kamfanin. Da farko an gaya wa 'yan jarida cewa babu irin wannan guba a masana'antar ko kaɗan. Daga baya aka gano ana amfani da 'yar kaɗan a ɗakin gwaji. Kamfanin da kansa ya koma wa 'yan jaridar ya gyara maganarsa.

Cinikin maganin ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100, masana talla da yawa suka ce sunan ya mutu ke nan. Amma kafin shekarar ta ƙare aka dawo da shi da kariya hawa uku: kwali liƙaƙƙe, da zoben roba a wuyan kwalba, da fallen alminiyum a ƙarƙashin murfi. Cikin kimanin shekara ɗaya ya dawo da mafi yawan kasuwarsa. Da aka sāke samun mutuwa irin wannan a jihar Niyok a 1986, kamfanin ya daina yin kafson da ake iya buɗewa, ya koma ga dunƙulalliyar ƙwaya.

Me ya sa aka iya yanke hukunci mai tsada haka cikin kwana bakwai? Tun 1943 Robert Wood Johnson, shugaban kamfanin na lokacin, ya rubuta wata takardar aƙida wadda ta jera waɗanda ke da hakki a kan kamfanin: masu amfani da kayansa da farko, sai ma'aikata, sai al'umma, masu hannun jari kuwa a ƙarshe. A shekarun 1970 Burke ya riƙa tara manyan manajoji yana ƙalubalantarsu, ko dai su yi aiki da takardar, ko a cire ta daga bango. An yi muhawarar tun babu tashin hankali, shi ya sa da ranar ta zo kowa ya san abin da ke gaba da wani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA AMANA TA KARYE

Kishiyar wannan ita ce ta jirgin Boeing 737 MAX. A ƙarshen 2010 kamfanin Airbus na Turai ya sanar da sabon jirginsa mai tsimin mai, A320neo. Don kada kasuwa ta kuɓuce, a 2011 Boeing ya zaɓi ya ɗora sababbin injuna a kan tsohon samfurinsa na 737 maimakon ya ƙera sabon jirgi. Injunan sun fi na da girma, sai aka matsar da su gaba, aka ɗaga su sama, wannan kuwa ya sa hancin jirgin yakan nemi ɗagawa a wasu yanayi. Aka saka wata manhaja mai suna MCAS wadda ke danna hancin ƙasa da kanta. Amma an sa ta dogara da na'urar awo guda ɗaya tak, in ta yi kuskure babu wata da za ta ƙaryata ta. Bugu da ƙari, an yi wa kamfanonin sufuri alkawarin cewa matuƙansu ba za su bukaci horo mai tsada a na'urar koyon tuƙi ba, aka kuma cire bayanin manhajar daga littafin matuƙa.

Ranar 29 ga Oktoba, 2018, jirgin kamfanin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta, mutum 189 suka mutu. Ba a dakatar da jiragen ba, sanarwa kawai aka aika wa matuƙa. Ranar 10 ga Maris, 2019, jirgin kamfanin Habasha ya faɗi minti 6 bayan tashinsa daga Adis Ababa, mutum 157 suka mutu, har da 'yan Nijeriya biyu. Jimla rayuka 346. Sai a lokacin aka hana jirgin tashi a duk duniya, kuma hukumar jiragen sama ta Amurka ba ta ɗage hanin ba sai a Nuwamba, 2020. An sauke shugaban kamfanin a Disamba, 2019, a farkon 2021 kuma kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a yarjejeniyar da ya yi da gwamnatin Amurka.

Rahoton da wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar a Satumba, 2020, ya ambaci matsin lamba don cika wa'adi da rage kashe kuɗi, da al'adar ɓoye bayani, da raunin sa ido na hukuma. Ya nuna akwai injiniyoyin da suka yi tambaya a kan dogara da na'urar awo ɗaya, tambayar ba ta sāke komai ba. Haka nan wani babban manaja a masana'antar Renton ya rubuta a 2018 yana roƙon a tsai da layin haɗa jiragen saboda gaggawa da gajiyar ma'aikata, ba a tsayar ba. Kokensa a kan ingancin haɗa jiragen ne, ba a kan manhajar ba, amma ya nuna yanayin gidan: an ja igiya, babu wanda ya zo.

AMANA BA GADO BA CE

Kada a ɗauka wasu kamfanoni nagari ne har abada. Toyota ɗin nan da aka yaba ya janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda matsalar totur, shugabansa Akio Toyoda ya amsa a gaban majalisar Amurka cewa saurin bunƙasar kamfanin ya yi yawa, a 2014 kuma aka ci shi tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a abin da ya sani. Johnson & Johnson ma, a 2009 an aika 'yan kwangila su saye wani maganinsa mai aibi daga kantuna a asirce maimakon a sanar da janye shi, a 2010 kuma ya janye magungunan yara masu yawa, aka rufe wata masana'antarsa. Takardar aƙida tana nan a bango, igiyar ma tana nan a rataye, amma kowane sabon rukunin shugabanni sai ya sāke tabbatar da su da aikinsa.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa manajan haja yana tsaye ne a tsakanin mutane iri uku: masu ƙera hajar, da manyan da ke ba da kuɗi da wa'adi, da mai saye wanda ba ya cikin ɗakin taro. Biyun farko suna iya yi wa kansu magana. Na ukun ba shi da wakili sai manajan haja, saboda haka ranar da wa'adi ya yi karo da lafiyar mai saye, a kansa ya rataya ya hau sama da mummunan labarin, ko da ba a son ji.

Wannan bai tsaya ga kamfanoni kaɗai ba. Jami'in gwamnati da aka danƙa wa aikin ruwan sha, ko rigakafi, ko ginin makaranta, wanda kuɗinsa ke hannun wata ma'aikata, injiniyansa ke hannun wata, yana cikin hali ɗaya da shusa. Wasiƙar naɗi ba za ta sa takarda ta yi sauri a ofishin da ba nasa ba. Sanin aiki da cika alkawari da amsa kuskure su ne za su sa. Ɗalibin da ke shirin shiga aiki kuwa, ya sani cewa ana fara tara wannan jari ne tun a ƙananan al'amura, tun babu wanda ke kallo. Shugaban da ke son ya auna kansa, sai ya tuna ranar ƙarshe da wani na ƙasa da shi ya shigo masa da labarin da bai so ji ba, ya kuma tuna yadda ya sallame shi. Idan ya daɗe bai ji irin wannan labari ba, kada ya ɗauka babu aibi a aikinsa. Mai yiwuwa ne masu ganin aibin sun daina jan igiya.